Bijimin da Ya Sha Maganin Gwaggo

Aron rariya na shiga yi gidan Kassimu, na tarar da matarsa Mairama durƙushe gaban ƙaramin turmi tana dakan wani abu fari kamar alli. Da ta gan ni sai ta kife faifai a bakin turmin. Ni kuwa Allah bai yi ni da kawar da kai ba, na sa hannu na ɗaga. Ƙwayoyin magani ne, manya farare an farfasa su, ga wasu ƙanana jajaye a gefe suna jiran nasu dakan. Na san su sarai, domin ni na fara riƙo irinsu a leda daga asibitin Sabon Birni har Kurawa.

"Mairama, wanga ba maganin Gwaggo na ba?"

"Shi na," ta ce, ba ta dube ni ba. "Maigida yac ce in daka in zuba ma bijimi cikin dusa."

Gwaggo Kadijatu yayar babana ce. Kassimu ɗanta ne na fari, kuma a gidansa take zaune tun rasuwar mijinta. Katanga ɗaya ta raba gidan aurena da nasu. Wata huɗu kafin wannan rana babban yatsan ƙafarta ya kumbura ya yi jawur, ko gefen zane ya taɓa shi sai ta yi salati, ni kuma na raka ta asibiti. Likita ya ɗebi jini, ya ce ba sanyi ba ne, ba kuma jifa ba ne. Wani ciwon gaɓɓai ne da suke kira gawut, wani abu mai kama da gishiri ke taruwa a gaɓa in jiki ya kasa fitar da shi. Ya ƙara da cewa ƙasusuwanta sun yi sakayau saboda shekaru da rashin cima. Ya rubuta magani uku: 'yar ƙaramar ƙwaya ta ciwon gaɓɓan, babbar farar nan ta kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi, da jar ƙwayar bitamin. Ni da kaina na tambaye shi ko ukun ba su yi wa tsohuwa yawa ba. Ya ce ya duba su, babu wadda ke hana 'yar uwarta aiki, ta sha su kullum bayan abinci, ko ciwo ya lafa kada ta daina. Sannan ya ƙwanƙwasa tebur da biro ya ce ta yawaita shan ruwa, ya faɗa har sau uku. Daga nan 'yarta Ruƙayyatu, wadda ke aure a Sakkwato, ta ɗauki nauyin aiko da maganin duk wata.

Ruwan da likita ya ce a yawaita, shi ne ba mu da shi. Shekara ta biyu ke nan da fari ya zauna mana. Bara gero ya bushe a tsaye kafin ya fid da kai, bana kuma watan shuka ya wuce sama ko ɗigo ba ta yi ba. Rijiyoyin unguwarmu sun ƙafe, sai an je burtsatsen bayan gari an bi layi tun safe. Kassimu dai yana da babur, kullum yana kawo jarka huɗu.

Yana kuma da abin da ya fi so a duniya, wato farin bijimin da ya ɗaure a tsakar gida. Maraƙin saniyar Gwaggo ne, uwar ta mutu a farin bara, ɗan ya tsira. Kassimu ya turke shi yana jiran Babbar Salla. Dabbobin mutane suna faɗuwa a bakin hanya, fata da ƙashi, nasa kuwa tozo sai rawa yake yi. Wani a kasuwa ne ya hure masa kunne cewa ƙwayar ƙashi ta asibiti tana sa dabba ta yi ƙiba da ƙwari. Ko gaskiya ne ko ƙarya ban sani ba, abin da na sani shi ne bai je kemis ya saya ba, gwangwanin uwarsa ya buɗe.

Na tare shi a zaure da yamma yana kwance jarkoki. Ni da shi taubasai ne, ɗan mace da 'yar namiji, al'ada ta ba ni damar in faɗa masa abin da wani ba zai iya ba. Matsalar ita ce al'adar nan ta ba shi damar ya mai da duk abin da na faɗa wasa.

"Maijidda taubashiya, yau da wace kinka zaka?"

"Da maganin uwarka da kaka ba dabba."

Ya tuntsure da dariya. "Ke mi kinka sani ga magani? Wani mai kemis can garin Isa yac ce mani ba a haɗa babbar ƙwayar ga da ta ciwon ƙahwa, hwaɗa za su yi cikin ciki. Ceton Inna nika yi. To in zubar da su? Almubazzaranci na."

"Wane mai kemis? Gabana likita yac ce ta sha dut ukun."

"Likitan ga yaro na. Kuma tsaya in tambaye ki, bijimin ga na wa na? Na Inna na, kowa ya sani. In ya yi kyau anka sai da shi, wa za a yi ma magani? Ita. Daga aljihunta na dama zuwa na hagu kawai."

Wannan maganar ta bijimin Inna ne, ya faɗe ta a zaure, ya faɗe ta a bakin masallaci, ya faɗe ta a layin ruwa lokacin da aka yi masa gorin ya cika zuwa sau biyu. In mutum ya ji shi sai ya ce ba a taɓa haihuwar ɗa mai jinƙai kamarsa ba.

A cikin jarkokin nan huɗu, biyu da rabi na bijimi ne. Ɗaya na girki da wanke-wanke. Rabin da ya rage shi mutanen gida ke sha, Gwaggo kuma rabonta buta guda a yini. A cikinta za ta yi alwala, a cikinta za ta haɗiye 'yar ƙwayar da aka bar mata. Na ce mata ta riƙa yin taimama ta sha ruwan, ta dube ni kamar na ce ta bar salla. Tsohuwa ce mai taurin kai, ban ɓoye wannan ba.

Cikin sati uku yatsan ya sake tashi, ya fi na farko. Daga nan idon sawu ya ɗauka, sai gwiwar hagu ta yi suntum tana zafi kamar an ɗora garwashi. Matar da ke zuwa gidan suna da ƙafarta tana yi wa 'yan mata tsiyar ragwanta ta koma bin bango kafin ta kai bayi. Leɓɓanta suka tsattsage. In ta yi magana harshenta manne wa dasashi yake yi. Kassimu yana da amsa ga kowace rana. Yau tsufa ne, gobe iskar bazara ce, jibi kuma ai ciwon ya daɗe a danginmu. Mairama ita nata uzurin ɗaya ne ba ya canzawa, an sa ta ne.

Na fara miƙa mata kwanon sha ta kan katanga daga namu, mu da jarka ɗaya ke raba mu shida. Kwana huɗu aka yi Kassimu ya gani. Bai yi mini magana ba, mijina ya samu ya ce ana tona masa asiri a unguwa kamar ya kasa riƙe uwarsa. Mijina mutum ne mai gudun fitina, ya roƙe ni in bari. Ban bari ba, amma sai na faki ido, kuma ba kullum ake samun dama ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ranar Juma'a, ranar da Ruƙayyatu ke kira. Gwaggo ba ta da waya, ta Kassimu ake kira, shi kuma zai kai mata har ɗaki ya tsaya a kanta kamar mai tsaron gona. Ina daga bayan katanga ina jin su, domin yakan buɗe muryar wayar.

"Inna, kina shan maganin?"

"Ina sha, ɗiyata."

"Dut ukun?"

"Dut ukun. Lahiya lau nike, yayanki na ƙoƙari."

Na shiga bayan ya fita, raina a ɓace, na ce ni za ni kira Ruƙayyatu in faɗa mata komai. Ta kama hannuna da ƙarfin da ban san tana da sauransa ba. Ta haɗa ni da Allah, ta ce ita ba za ta zama sanadin rabuwar 'ya'yanta biyu ba, ɗanta ne, ita ta haife shi, hwarin ga na rashin ruwa ne ya rikita shi. Na yi shiru. Har yau wannan shirun yana ci na, kuma ban yafe wa kaina shi ba.

Ranar da abin ya faru Talata ce, rana tsaka. Kassimu yana layin ruwa, Mairama ta tafi barka. Butar Gwaggo ta ƙare tun hantsi. Na ji ƙara kamar an yar da buhu, sai wani nishi da ban taɓa jin irinsa ba. Na zagaya da gudu. Tana kwance a gefen rabin durom ɗin da ake zuba wa bijimi ruwa, moɗa a hannunta. Ta bi bango ne har inda bango ya ƙare, saura taku uku, gwiwar ta ƙi ɗaukarta. Ƙafarta ta dama ta juya waje ta yi gajarta. Bijimin yana tsaye yana tuƙa, ruwa na ɗiga daga bakinsa.

Kassimu ya dawo ya tarar da mu. Ba zan yi masa ƙarya ba, ya ruɗe, har jarka ta suɓuce masa. Amma ruɗewar ba ta kai shi asibiti ba. Ya ce hanya ba lafiya, ya ce babur zai ƙarasa ta, ya kawo maɗori aka ɗaure ƙugun da karare da tsumma. Ni na san dalilinsa. A asibiti za a tambayi ina sauran maganin.

Mutane suka yi ta zuwa dubiya, kowa da tambaya ɗaya, me ya kai tsohuwa mai ciwon ƙafa gindin turke da tsakar rana? A nan ne Kassimu ya yi abin da ya fi duk na baya muni. Yana zaune a ƙofar ɗakinta, labule kaɗai tsakaninsu, ya sassauta murya irin ta mai abin tausayi.

"Ku taya mu da addu'a, ruɗewar tsuhwa ta kama Inna. Ga ruwa randa cike, sai ta bar shi ta tahi shan na dabba. Magani ma in anka ba ta ɓoye shi take ƙarƙashin tabarma. Ba ta san abin da take yi ba."

Ina ciki ina yi mata fifita. Ta ji kowace kalma. Ba ta yi kuka ba, ta dai ƙura wa rufin ɗaki ido har baƙin suka watse. Wata biyu tana rufa masa asiri da ƙishirwarta, shi kuma ya rufa wa kansa asiri da hankalinta. Can ta juyo da kai.

"Maijidda, na kwance maki rantsuwa. Kira ɗiyata."

Na kira a ranar. Ruƙayyatu ta yi kuka har maganarta ba ta fita, ta ce jibi za ta turo mota da ma'aikacin jinya, ko hanya za ta tsage. Na gaya wa Gwaggo. Ta ce to, amma akwai sauran aiki kafin jibi, kuma kada in bari kowa ya ji.

Washegari Kassimu ya wanke bijimi da ruwan da ya isa gida guda sha, ya goge masa ƙahoni, ya hau babur zuwa Bafarawa don ya kawo wani falke da ke son ganin bijimin da idonsa. Ƙurar babur ba ta gama kwantawa ba Gwaggo ta aike ni wajen Liman da wajen Lawwali mahauci.

Liman dattijo ne mai taka-tsantsan, kuma ya ji labarin ruɗewa. Ya zauna daga bakin ƙofa ya fara da tambayarta wace rana ce. Ta faɗa masa ranar, ta faɗa masa kwanan wata, ta lissafo masa limaman Kurawa huɗu da suka gabace shi, ta ƙara da sunan da uwarsa ke kiransa yana yaro. Ya yi gyaran murya ya ce ya gamsu.

"Malam, bijimin ga na wa na?"

"Naki na, Kadijatu. Ɗanki ma ya hwaɗi gaban jama'a ba sau ɗai ba."

"To na ba da shi sadaka, ta roƙon ruwa. A yanka yanzu, a raba ma kowane gida na unguwar ga, kada a tsallake ko ɗai."

Liman ya ce ko za ta jira ɗanta, ko kuwa a sayar a nema mata lafiya da abin da aka samu.

"Lahiyata tana cikin cikinai," ta ce. "Wata biyu yana shan maganin ƙashina da ruwan shana. Ku tambayi Mairama, ita ka daka."

Mairama tana rakuɓe a bakin madafa. Duk idanu suka koma kanta. Ta rufe fuska da mayafi ta ce gaskiya ne, an sa ta ne. Liman ya dubi Lawwali ya gyaɗa kai.

Maza biyar suka kayar da shi. Na tsaya na kalla tun daga sa wuƙa har fiɗa, ni da ko kaza ba na son ganin an yanka. Kitse ya yi fari fat a jikinsa, Lawwali yana ta mamaki wai rabonsa da ganin irin wannan tun kafin fari. Kafin azahar an kasa nama tuli-tuli a kan buhuna, mata suna zuwa da kwanoni. Gidajen da suka yi wata shida ba su ɗora tukunyar miya mai maiƙo ba suka tashi hayaƙi. Ita kuwa mai sadakar ko tsoka ba ta kai baki ba, likita ya hana ta jan nama saboda ciwon. Ruwa ta ce in ba ta. Na buɗe jarkar bijimi na cika mata kwano, ta shanye, na sake cikawa.

Da la'asar Kassimu ya shigo gari da baƙonsa a bayan babur. Ban ga farkon ba, mijina ya ba ni labari. Tun daga bakin masallaci aka fara tare shi. Waɗanda ba su san tushen zance ba suna riƙe hannunsa suna sa masa albarka, wai Allah ya ba kowa ɗa mai biyayya irinsa, ya yi shekara yana kiwo don uwarsa ta yi sadaka. Waɗanda suka sani kuwa, su ma albarkar suka sa masa, sai dai suna yi suna kallon ƙwayar idonsa. Wa zai kai ƙara, kuma ya ce me? Ya ce a amayo naman roƙon ruwa? Ya ce bijimin ba na uwarsa ba ne, bayan duk gari ya ji daga bakinsa? Baƙon ya sauka ya nemi wani babur ya koma.

Ya shigo gida ya tsaya a gaban turke. Igiya ce kawai da jini da ƙudaje. Ya daɗe a wurin. Sannan ya nufo ɗakin, ya ɗaga labule.

"Inna, kin kashe ni."

"Ban san abin da nike yi ba," ta ce. "Ruɗewar tsuhwa ta."

Ya dube ni ko zai ga wasan taubashi a fuskata. Ranar bai gani ba.

Mota ta iso da hantsi washegari. Ma'aikacin jinyar da ya zo ya kwance ɗaurin maɗori, ya duba gwangwanayen magani, da na gaya masa hujjar Kassimu ya tambayi wa ya ce ba a haɗa su. Na tambaye shi a gefe ko da tana shan na ƙashin da ba ta karye ba. Ya ce shi ba zai rantse ba, ƙashin tsoho ba ya da tabbas, amma ƙishirwa ce ta tayar da ciwon, kuma ƙishirwa ce ta fitar da ita tsakar gida. Wannan ya ishe ni.

Aka ɗauko ta a kan tabarma, mutum huɗu, aka shimfiɗa ta a bayan mota. Unguwa ta taru. Kassimu, wanda bai fito salla ba tun jiya, ya ratso mutane ya durƙusa a bakin ƙofar motar yana hawaye na gaske. Ya ce shaiɗan ne, ya ce talauci ne, ya ce ta dubi girman Allah ta yafe masa kafin ta tafi. Tsofaffin mata suka fara taya shi roƙo, ai ɗa ne, ai uwa ba ta fushi da ɗa. Na ga leɓɓanta suna motsi, na ce shi ke nan, za ta sake rufa masa asiri.

"Ba ni ka yi ma biyayya ba, Kassimu," ta ce a hankali. "Wanda ka yi mawa an cinye shi jiya. Ka nemi gahwara wajenai."

Ta ce wa direba su tafi.

Ruwa bai sauka a satin nan ba, sai bayan kwana goma sha tara, kuma bai isa komai ba. Gwaggo tana Sakkwato har yanzu, tana shan ƙwayoyinta uku da ruwa mai yawa, yatsan ya sace, amma ba ta sake taka ƙasa da ƙafarta ba. Kassimu yana kiran Ruƙayyatu duk Juma'a ya ce a ba Inna waya, Inna kuma kullum barci take yi. Ana cewa in sa baki, wai ni ce take jin maganata. Ni dai kason gidanmu na naman nan har romo na shanye, na kuma suɗe kwano, kuma duk wanda ya zo mini da batun sulhu wannan nake faɗa masa.